RA'AYINMU: Bayan Ɓarnar 'Yan Kutse, Ta Yaya Ɗan Kasuwa Zai Miƙe?

Ranar da gobara ta tashi a kasuwar Adum da ke nan Kumasi cikin watan Maris na 2025, ba a nemi mai shela ba, domin hayaƙi ya isar da saƙo ko'ina cikin gari. Shugabanni sun zo jaje, 'yan'uwa sun kawo gudummawa, masu bin bashi kuma sun ɗaga ƙafa. To amma akwai wata gobarar da ke cin jarin mutanenmu kusan kullum, daga Alabar da Aboabo da Kejetiya har zuwa kasuwannin kan iyaka irin su Paga, Bawku, Aflao da Elubo. Ita wannan ba ta da hayaƙi. Mutum yana zaune a rumfarsa za a yashe kuɗin da ke cikin wayarsa, ko a ƙwace masa WhatsApp a riƙa karɓar kuɗi da sunansa. Galibi wanda abin ya faɗa wa shiru yake yi saboda kunya, har jarin ya mutu ba wanda ya sani.

An sha yin gargaɗi a rediyo da masallatai cewa kada a ba kowa lambar sirri, kuma gargaɗin yana kan hanya. Sai dai ba a cika yin magana kan abin da ya kamata mutum ya yi bayan mai aukuwa ta auku ba. Wannan shi ne abin da muke son jan hankalin 'yan kasuwarmu a kai yau.

Da farko, ya kamata a cire wa rai cewa wawa kaɗai ake cuta. A ƙarshen watan Satumba na 2022 na'urorin sayar da katin wuta na kamfanin ECG sun tsaya cak a Kumasi da Ankara da wasu garuruwa da dama. Mutane sun yi kwanaki suna dogon layi a ofisoshin kamfanin da kuɗinsu a hannu, masu ɗakin sanyi suna kallon kifinsu yana narkewa, teloli sun naɗe hannu. Daga baya shugabannin kamfanin suka bayyana cewa kutse aka yi musu. Haka nan a watan Afrilu na 2025 kamfanin MTN ya sanar cewa wasu sun kutsa cikin bayanan wani sashe na masu hulɗa da shi, har da na nan Ghana. Idan kamfanoni masu injiniyoyi da ƙwararru ba su tsira ba, mai sayar da albasa a Kwadaso ba shi da dalilin ɓoye fuskarsa don an yaudare shi.

Akwai darasi babba a abin da ya sami Maersk, kamfanin jiragen ruwa na ƙasar Denmak wanda duk mai zuwa tashar Tema ya san kwantenoninsa. A watan Yuni na 2017 wata muguwar manhaja da ake kira NotPetya, wadda ta ɓulla daga Yukren, ta lalata kwamfutocin kamfanin a faɗin duniya cikin ɗan ƙanƙanen lokaci. Asarar ta kai wajen dala miliyan 300, kuma sai da suka sake ɗora kwamfutoci kimanin 45,000. Kamar yadda mujallar Wired ta Amurka ta ruwaito a 2018, duk na'urorin da ke riƙe da kundin shiga tsarin kamfanin sun lalace, sai guda ɗaya tak a ofishinsu na Ghana. Dalilin tsirarta kuwa shi ne an ɗauke wuta kafin harin, saboda haka ba ta haɗe da sauran a lokacin da cutar ke yaɗuwa. Aka ɗauki faifan da hannu zuwa Nijeriya, daga can aka wuce da shi Ingila, da shi aka sake gina tsarin. Ɗauke wutar da muke tsine wa kullum ita ta ceci kamfanin a ranar.

Abin lura a nan shi ne, abin da aka ajiye a gefe, wanda hannun ɓarawo bai kai gare shi ba, da shi ake tashi. Maersk sa'a ya yi. Ɗan kasuwa kuwa bai kamata ya jira sa'a ba, tun da abin da zai cece shi bai wuce littafi da biro ba. Iyayenmu da suka yi fataucin goro daga ƙasar Asante zuwa Kano suna da takardun lissafi da ajami, kuma maigida ya san abin da ke hannun kowane dillali. Yau da yawanmu sun jingine littafi. Sunan wanda ake bi bashi, adadin buhunan da aka ɗora wa direba, lambar mai kaya a Galmi ko Wagadugu, duk suna cikin saƙon murya a waya guda. Ranar da wayar ta tafi, lissafin shekara ya tafi da ita, kuma mai taurin bashi ya samu ƙofar musu. Mu tuna cewa aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani mai girma, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Littafin da ake rubutawa kowane dare, a ajiye shi a gida, ba a taɓa yi masa kutse ba.

To idan abin ya riga ya faru fa? Sa'a ta farko ita ce mafi tsada. Ɓarawon waya ba ya barin kuɗi wuri ɗaya. Yakan tura su daga wannan layi zuwa wancan, ya cire a wurin ejan, wani lokaci ma su tsallaka iyaka kafin mai su ya gama salati. Don haka kafin a kira ɗan'uwa a yi kuka, a fara kiran kamfanin layin a nemi a rufe asusun a kuma dakatar da layin da kuɗin suka shiga. A canza lambar sirri nan take, a sanar da banki idan asusun waya yana haɗe da na banki. Kada a goge saƙo ko ɗaya. Lambar da ta kira, lokacin kiran, da lambar shaidar turawa, su ne hujjar da 'yan sanda da kamfani za su nema. Hukumar Tsaron Intanet ta Ghana, wadda dokar 2020 ta tanada ta kuma fara aiki a 2021, tana karɓar rahoto ta lamba 292. Idan kuma kamfani ya yi ta jan ƙafa a kan ƙorafi, Babban Bankin Ghana yana da sashen sauraron koken masu hulɗa da cibiyoyin kuɗi.

Wanda aka ƙwace wa WhatsApp, muddin layinsa yana hannunsa, ya sake shiga da lambarsa. Za a turo masa lambobi shida, da ya sa su an fitar da ɓarawon. Idan ɓarawon ya riga ya kafa tasa lambar sirri, sai a jira kwana bakwai kafin a iya shiga. Kwanakin da ɓarawon ke riƙe da asusun su ne masu hatsari, domin a cikinsu ne ake bin abokan cinikinka ɗaya bayan ɗaya ana cewa mota ta lalace a hanyar Tamale, a turo kuɗi cikin gaggawa.

Wannan ya kawo mu ga magana mafi nauyi, wato kunya. Masu iya magana sun ce barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. Ɗan kasuwan da ya ɓoye abin da ya same shi don kada a ce ya karye, yana ba ɓarawo lokaci ne ya cuci waɗanda suka amince da shi. Kasuwancinmu na kan iyaka a kan amana yake tafiya. Mutum a Sankase zai ɗora maka kayan miliyoyi bisa magana ta waya, bai ga fuskarka ba. Kuɗin da aka sace ana iya mayar da su cikin kaka ɗaya ko biyu, amma idan maigidanka ya ji labarin daga bakin wani, ko aka damfari abokin cinikinka da sunanka alhali ka sani ka yi gum, wannan tabo yakan daɗe bai goge ba. A ari wayar maƙwabci a kira masu kaya da masu bashi a ranar, a gaya wa shugaban layi, a sa a faɗa a masallacin kasuwa. Sannan a zauna da masu bin bashi a gaban shaidu a tsara yadda za a biya sannu a hankali. Mafi yawan iyayen gida sun fi son mai gaskiya da ya faɗi a kan wanda ya ɓace.

Idan an fara miƙewa, kada a koma gidan jiya. A raba layin ciniki da layin zumunci. Abin da ya wuce cinikin yini a kai shi banki. Yaron shago ya karɓi kuɗi, amma lambar sirri ta tsaya wurin maigida. Kada a saki kaya don an ga saƙo ya shigo, sai an duba asusu da kai an ga kuɗin sun zauna. Akwai kuma matsalar da ta fi damun Zango. Tun da aka fara sabunta rajistar layuka da katin ɗan ƙasa a 2021, mutane da dama suna ciniki da layin da aka yi wa rajista da sunan ɗa, ƙane ko ma yaron shago. Ranar da matsala ta taso, kamfani mai sunan kaɗai ya sani. Duk wanda jarinsa ke kwana a layin da ba sunansa ba, ya gyara tun yau.

Muna kira ga ƙungiyoyin 'yan albasa, 'yan goro, 'yan shanu da masu canji su ɗauki wannan lamari kamar yadda suke ɗaukar gobara da hatsarin mota. A ware wani abu cikin asusun ƙungiya don ba wanda aka yashe rancen da zai tayar da rumfa, a kuma zaɓi matasa biyu ko uku masu ilimin waya da za su raka mutum ofishin kamfani da caji ofis. Sarakunan Zango da limamai su ma suna da rawar takawa. Abin takaici ne a ce kalmar "sakawa" da duk Ghana ke kiran damfarar intanet da ita daga harshenmu aka ɗauko ta. Yaron da ya kwana ɗaya ya tashi da mota ba sana'a, a tambaye shi, domin wanda ya cuta ɗan wani ne, wataƙila ma ɗan unguwa.

Su kuma kamfanonin MTN, Telecel da AT, da hukumomin tsaro, muna tuna musu cewa rahoton shekara-shekara na Babban Banki ya sha nuna cewa mafi yawan ƙararrakin zamba a harkar kuɗi ta ɓangaren biyan kuɗi da waya suke fitowa. Wanda ke cin ribar kowace turawa, wajibi ne ya tsaya wa mai turawa ranar da aka cuce shi. A sa masu jin Hausa a layin karɓar ƙorafi, domin da ita ake ciniki daga Kumasi har Yamai. A riƙa sanar da mai ƙara inda bincikensa ya kwana. A kuma ƙulla hanyar gaggawa da takwarorinsu na Togo, Burkina Faso da Kodebuwa, tun da ɓarawo ba ya tsayawa nuna takarda a kan iyaka.

Ɗan kasuwa ya gaji faɗuwa da tashi. Wanda ya riƙe littafinsa, ya raba jarinsa, ya kuma faɗi gaskiya da wuri, da yardar Allah zai sake buɗe rumfa. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah Ya tsare mana dukiya da mutunci, Ya mayar wa waɗanda suka yi asara da mafi alheri, amin.