INJIN ƘIRGA SULALLA: KO ASUSUN TALAKA BAI TSIRA BA

Ya ɗan'uwa mai karatu, yau ina so mu leƙa ƙasar Amurka, mu kalli wani ɗan inji da ake girkewa a bakin ƙofar manyan kantunansu, domin akwai darasi a cikinsa ga duk wanda ya taɓa fasa asusu saboda matsi.

Mutanen can har yanzu suna ciniki da sulalla, akwai na santi 5, da 10, da 25, ga kuma kwabonsu mai santi ɗaya. Idan mutum ya yi sayayya aka ba shi canji, sai ya watsa a gwangwani ko kwalba ya manta. A 1991 wani Ba'amurke mai suna Jens Molbak ya kafa kamfanin Coinstar a kan wannan mantuwa. Aikin injin mai sauƙi ne: ka juye sulallanka a faranti, ya tantance su ya ƙirga, ya fito maka da 'yar takarda, ka kai wa mai karɓar kuɗi na kantin ya biya ka kuɗin takarda. Sai dai kafin ka karɓa, injin ya riga ya yanki rabonsa.

A 2008, shekarar da bankin Lehman Brothers ya rushe, galan ɗin fetur ya haura dala 4, dubban iyalai suka rasa gidajensu, ladan injin kashi 8.9 cikin ɗari ne. A 2010, lokacin da rashin aiki ke addabar jama'a bayan ya kai kashi 10 cikin ɗari a Oktoban 2009, sai aka ɗaga shi zuwa 9.8. Daga baya ya kai 11.9, kuma bai tsaya nan ba. Wato a wannan farashi, wanda ya zuba dala 100 zai koma gida da dala 88 da santi 10. Kuɗinsa ne, halalinsa ne, hukuma ce ta buga su, amma sai da ya sayi kuɗinsa da kuɗinsa.

To wa ke ɗaukar kwalbar sulalla ya nufi kanti tsakiyar wata? Ai ba mai wadata ba ne. Magidancin da aka sallama daga aiki ne, da matar da madarar yaronta ta ƙare, da tsohon da fanshonsa bai kai shi ƙarshen wata ba. Wani abin lura kuma, kamfanin ya taɓa buɗe ƙofar da ba a cire ko sisi, idan ka yarda a ba ka katin sayayya na wani babban kamfani irin su Amazon maimakon tsabar kuɗi. Mai hali sai ya karɓi kati ya sayi abin marmari da kuɗinsa cif-cif. Shi kuwa wanda mai gidan haya ke jira a ƙofa, kati ba ya biya masa haya, dole ya karɓi tsaba a yanke shi. Ashe wanda ya fi buƙata shi ya fi biya.

Wani zai ce ai ba a tilasta wa kowa ba, kuma inji na cin wuta, sulalla na da nauyi, ɗaukarsu da mota aiki ne. Wannan gaskiya ne, ba mu ce a yi wa kowa aikin banza ba. Amma mu tambaya, aikin wa ne tun asali? Aikin bankuna ne. Da yawansu suka kwashe injinan ƙirgarsu, wasu suka ce sai ka naɗe sulallan da kanka a takarda, kwabo 50 a ƙunshi, 'yan santi 25 guda 40 a ƙunshin dala 10, wasu kuma ba sa saurarenka idan ba ka da ajiya a wurinsu. Alhali binciken hukumar inshorar ajiya ta ƙasar, FDIC, ya nuna a 2021 gidaje kusan miliyan 5.9 ba su da asusun banki ko ɗaya. Wanda aka rufe wa ƙofofi tara aka bar masa ɗaya, da wuya a ce zaɓi ya yi.

Abin mamaki, a 2020 da annobar korona ta tsayar da kasuwanni, sulalla suka maƙale a gidaje, kantuna suka rasa canji, sai ga Babban Bankin Amurka da 'yan kasuwa suna roƙon jama'a su fito da su, har wasu suka riƙa ba da tukuici. Sulallan da ake yi wa talaka tara a kansu, rana ɗaya suka zama abin nema. Wannan ya nuna darajarsu tana nan, mai su ne aka raina.

Mu a nan ba mu da injin, domin tsadar rayuwa ta riga ta binne sulallanmu. Kwabo 50 da naira 1 da naira 2 da Babban Bankin Najeriya ya fitar a 2007, ko mai ƙosai ba ta karɓa. Amma ɗabi'ar mun san ta. A farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, ni da kaina na bar wa wani mai POS naira dubu ɗaya kafin ya miƙo mini dubu biyar daga cikin kuɗina, don in sayo wa mahaifiyata magani. Shi ma ya rantse mini sayo su ya yi.

Saboda haka kira na biyu ne. Ga hukumomi, ko a ina suke, kuɗin da kuka buga kuka ce doka ta wajabta karɓarsa, wajibi ne ku tabbatar mai shi zai iya canza shi a banki ba tare da an gutsura ba. Ga 'yan'uwa kuma, musamman mazauna ƙasashen da ke da irin wannan inji, ku zauna da yaranku ku ƙirga abinku, ku kashe shi kai tsaye wurin sayen burodi da madara, ko ku nemi bankin da ke karɓa kyauta. Dala 12 a cikin ɗari abincin yini ne a gidan da babu.

Allah ya yaye mana ƙunci, ya sa albarka a ɗan abin da ke hannunmu. Wassalam.