Ba kod ne ya ci amanarku ba, hannun ne

Yau dai sai na faɗi abin da ya daɗe yana cina, wanda ya ji haushi ya yi haƙuri.

Makon jiya wasu ƙannena 'yan aji huɗu suka kira ni in ga robot ɗin da suke shirin kaiwa gasa. Sun yi wata biyu a kan kod. Yana bin layi, yana gane launi, har da wata 'yar fitila mai walƙiya don ado. Na ce to, a miƙa hannun ya ɗora kwalbar ruwa a kan tebur. Hannun ya fito rabi, ya yi karkarwa, ya sunkuya, sai ga robot ɗin gaba ɗaya ya kifa da goshi. Nan take ɗayansu ya buɗe kwamfuta zai duba kod. Na ce masa malam, rufe. Hannun nan a dare ɗaya kuka haɗa shi ko? Suka yi shiru.

Wannan ita ce cutarmu, har da ni, don na yi irinta. Muna ganin zama gaban allo shi ne injiniyanci, yankan ƙarfe kuwa aikin yaron shago ne.

Me ya sa ma ake wahalar yin hannu mai shiga cikin juna kamar eriyar rediyo? Doka ce ke tilastawa. A gasar FIRST Tech Challenge, dole robot ya fara wasa a naɗe, kada ya wuce inci 18 ta kowane ɓangare, bayan an fara ne zai miƙe. A babbar gasar FIRST ta 2023, inda ake ɗora kaya a kan matakai, inci 48 aka yarda hannu ya fita daga jikin robot. Ƙaramin jiki, doguwar miƙa. Duk dabarar a nan take.

Kuma wallahi ilimin nan ba baƙo ba ne a wurinmu. Duk wanda ya taɓa tsinkar mangwaro da gora ya san idan ka ɗaura wata gorar don ƙarin tsawo, bakin sai ya riƙa lilo. Mai tuƙa kwalekwale da sanda a Njuwa ya san haka tun kafin a haife mu. Abin da littafi ya ƙara mana shi ne lamba: idan nauyi yana bakin sanda, ka ninka tsawonta biyu, lanƙwasar ba biyu za ta zama ba, takwas ce. Kwalbar kilo ɗaya a nisan mita ɗaya tana murɗa gindin hannu da kusan Nm 10, ba a ma sa nauyin hannun kansa ba. Yaran nan ɗan moton da suka sa ko rabin haka ba zai riƙe ba. Mun yi wannan lissafi a aji biyu, mun ci jarrabawa, mun bar shi a takarda.

Sai maganar haɗin bututu. Mutum yana son tsawo, sai ya bar na ciki ya fito har saura ɗan yatsa biyu. Daga nan ko ya yi girgiɗi ko ya cije. Ni dai ba na barin ƙasa da kashi ɗaya cikin huɗu a ciki, ko da zan rasa tsawo. Igiyar da ke jan matakan ma haka. Idan ka ɗaura ta yadda matakai biyu za su fito tare, gudu ya ninka, amma nauyin da moto ke ja shi ma ya ninka. Ba a cin biyu kyauta. Kuma hannun yana buƙatar igiyar dawowa, kada ka dogara da nauyinsa ya maido shi.

Akwai abin da bidiyon Turawa ba zai gaya maka ba, don ba a Yola suke ba. Ka shafa giris a jikin bututu lokacin hunturu, kwana biyu ƙura ta mayar da shi kamar sanfefa. Kayan robar da ake bugawa da injin 3D, irin PLA, suna fara laushi a wajen digiri 60. Ka bar su cikin mota a rufe a watan Afrilu, lokacin da inuwa ma ta haura 40, ka dawo ka ga ikon Allah.

Na san abin da za a ce: babu kuɗi, babu kayan aiki, dala ta tashi. Gaskiya ne, ban musa ba, ni ma da guzurin karatuna nake sayen noti. Amma a gasar FIRST Global ta farko a Washington a 2017, yaran Gambiya sai da aka fara hana su biza, daga baya aka ba su, suka je da robot ɗinsu. Ga gasar PARC a Dakar, 'yan Afirka ne irinmu. Hannun da nake magana kuma, layin durowa na kafinta, boris na babur da ragowar alminiyom ɗin taga sun isa a gwada shi.

Abin da ya fi ba ni kunya, da muka kai hannun wurin wani dattijo mai haɗa tagogin alminiyom a Jimeta, bai tambayi lissafi ba. Ya ja shi sau biyu, ya kara kunne, ya ce, "Ɗana, wannan ai ba a saita shi ba, gefe ɗaya yake ci." Na ce, "Baba, ya za a yi?" Ya yanko 'yar roba ya saƙala a baki da gindi. Minti goma. Ni mai digiri na biyu ina tsaye riƙe da leda.

Asabar mai zuwa in sha Allah za mu koma wurinsa da sabon zane, wannan karon da lissafin a hannu. Za mu ɗaura kilo biyu mu miƙa sau ɗari, mu ga inda zai fara ciwo. Wanda yake da tsohon layin durowa a gida ya taho da shi, kuɗin Keke kuma kowa ya ji da kansa.