Me Ya Sa Allah Ke Ƙyale Macuci Yana Yawonsa?



Kwanakin baya wani ɗan'uwanmu mai sayar da albasa a nan Legas ya tare ni da tambaya. Shekara biyu ke nan da mai tara musu adashe ya tsere da kuɗinsu, har da abin da yake sa ran aurar da 'yarsa da shi. Ya yi Allah ya isa har ya gaji. Sai ga shi an turo masa hoton mutumin a waya, ya yi ƙiba, ya jingina da sabuwar mota. Ya ce da ni, "Malam, wai sai yaushe Allah zai kama shi?"

Tambayar nan tsohuwa ce, kuma koyarwar Kirista ta daɗe tana juya ta. Ina ganin amsar da ke can ta cancanci mu duba, domin ta taɓa macuci, ta kuma taɓa wanda aka cuta.

A wasiƙar Bitrus ta biyu, sura 3, ana magana kan masu ba'a da ke cewa hukuncin da aka yi alkawari ya ƙi zuwa. Amsar da aka ba su ita ce, jinkirin nan fili ne da Allah ya buɗe don mutane su tuba, domin ba hallakarsu yake so ba. Bulus ma a wasiƙarsa ga Romawa, sura 2, ya gargaɗi mai raina wannan haƙuri cewa duk ranar da ya ƙara cikin taurin kai, kaya yake ƙara wa kansa.

Inda maganar ta fi fitowa fili shi ne misalin da Yesu ya bayar a Luka sura 13. Wani mutum yana da itacen ɓaure a gonarsa. Shekara 3 yana zuwa neman 'ya'ya bai samu ko ɗaya ba, sai ya ce a sare shi, ya tare wuri a banza. Mai kula da gonar ya roƙi a ƙara masa shekara guda, zai tone gindinsa ya zuba taki. In ya yi 'ya'ya, madalla. In bai yi ba, a sare.

Duk wanda ya taɓa noma zai gane nauyin wannan roƙo. Shekarar da aka ƙara shekarar aiki ce, ana tono ana zuba taki. Kuma tana da iyaka, gatari yana nan a ajiye. Labarin ya ƙare ba a gaya mana ko ɓauren ya yi 'ya'ya ba. An bar wa mai sauraro ya ba da amsa da rayuwarsa. Saboda haka macucin da ya ga ya kwana lafiya ya tashi lafiya, ya ɗauka an manta da shi, ya yi mummunar fahimta. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya.

To amma mu da aka cuta fa? A nan ne labarin Yunana, wanda Musulmi suka sani da Annabi Yunusa, yake kama mu. An aike shi Nineba, babban birnin Assuriyawa, wanda kangonsa ke daura da Mosul a Iraƙi ta yau, ya faɗa musu saura kwana 40 a kife birnin. Mutanen suka tuba, Allah ya ɗage hukuncin. Littafin ya ce Yunana ya yi fushi, ya fita bayan gari ya zauna yana jiran ya ga abin da zai faru. Allah ya tuna masa cewa a birnin akwai mutum sama da 120,000. Abin lura shi ne, shi kansa Yunana ya taɓa guje wa umarnin Allah, ya kwana 3 a cikin kifi, aka yi masa haƙuri aka fito da shi. Halinmu ke nan. In laifinmu ne muna son a jira mu, in na wani ne muna son tsawa ta faɗo yau.

Sai dai akwai wata gaskiya mai ɗaci da bai kamata a boye ba: sau da yawa wasu ne ke biyan kuɗin haƙurin da aka yi wa mai laifi. Ku ɗauki John Newton, Baturen Ingila. A 1748 guguwa ta kusa nutsar da jirgin da yake ciki, ya roƙi jinƙan Allah, ya tsira. Duk da haka ya zama kyaftin na jirgin bayi, yana kwasar mutane daga gaɓar Afirka ta Yamma har zuwa 1754. Daga baya ya zama limamin coci. Sai a 1788 ya fito fili ya rubuta nadamarsa, ya mara wa masu yaƙi da cinikin baya. Majalisar Ingila ta haramta cinikin a 1807, shekarar da ya rasu. Ɓauren ya yi 'ya'ya, haka ne. Amma waɗanda aka ɗaure da sarƙa a jiragensa ba su koma gida ba.

Shi ya sa tuban baki kawai bai wadatar ba. A Luka sura 19, Zakka, shugaban masu karɓar haraji a Yariko, da ya tuba sai ya ce zai ba matalauta rabin dukiyarsa, kuma duk wanda ya zalunta zai mayar masa ninki 4. Wanda ya ce ya tuba alhali kuɗin adashen mutane na aljihunsa, bai fara ba tukuna.

Haka kuma haƙurin Allah bai hana wanda aka cuta neman haƙƙinsa ba. Romawa sura 13 ta ce an ɗora wa hukuma alhakin hukunta mai laifi. A kai ƙara gun shugabannin kasuwa, a je wurin Sarkin Hausawa, a je wurin 'yan sanda ko kotu. Abin da aka hana shi ne mutum ya mai da kansa mai ƙara, alƙali, kuma mai zartar da hukunci a lokaci guda. A misalin alkama da ciyawa, Matiyu sura 13, mai gona ya hana barorinsa gaggawar tumɓuke ciyawa don kada su haɗa da alkama. Mun ga inda gaggawa ta kai mu. A Oktoban 2012 gungun mutane sun kashe ɗalibai 4 na Jami'ar Fatakwal a Aluu. A Maris na 2025 an kashe mafarauta 16 a Uromi ta jihar Edo suna hanyar komawa Kano. Babu wanda ya tsaya bincike, kuma ba a iya dawo da ko rai ɗaya.

Ni dai abin da na ce wa ɗan'uwanmu shi ne, ya bi haƙƙinsa ta hanyar da ta dace, kada ya fasa. Hoton nan kuwa, mutum ne da shekarar rangwamensa ke tafiya bai sani ba. Sannan kowannenmu ya duba mudunsa da sikelinsa, da bashin da ya danne, da amanar da aka ba shi daga gida. Wataƙila mu ma a cikin tamu shekarar muke.

Allah ya ba mu ikon gyarawa tun da sauran lokaci.