Ra'ayinmu: Kada Mu Fake da Hazo

Duk shekara idan hunturu ya kama, hazo ya lulluɓe gari, tari da mura suka yawaita, sai mu ce ai lokaci ne. Gaskiya ne yawancin wannan ƙura iska ce ke kwaso ta daga hamada, musamman kwarin Bodele na ƙasar Chadi, ba kuwa mai iya tare ta. Amma akwai wata ƙurar da ba ta jiran hunturu, wadda hannun ɗan Adam ke tayarwa: hayaƙin masana'antu da na janareto, da na tsofaffin motoci, da na wuraren da ake narka tsofaffin batura ko ƙona tayoyi. Wanda duk ya ratsa Bompai ko Sharaɗa ko Challawa a Kano, ko Kakuri a Kaduna, ya san gidajen jama'a sun riga sun kewaye masana'antun.

Abin tsoron shi ne, mafi munin wannan ƙura ido ba ya ganinta. Ƙwayarta ta fi silin gashi siranta kusan sau 30, saboda haka takan zarce hanci da maƙogwaro ta zauna can cikin huhu, har ta ratsa jini. Sau da yawa kuma takan goyo ɓurɓushin ƙarafa masu guba, kamar dalma. Ita dalma idan ta shiga jikin yaro takan dakushe masa ƙwaƙwalwa, kuma abin da ta ɓata ba ya gyaruwa.

Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. A watan Disamba na 1952 hayaƙin kwal ya turnuƙe birnin Landan kwana 5, aka ƙidaya mamata wajen 4,000 nan take; sai da aka yi wannan hasara sannan Ingila ta kafa dokar tsabtace iska a 1956. A nan gida, a 2010, ƙurar dutsen zinariya mai gauraye da dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Zamfara. Daga ƙarshen 2016 kuma mutanen Fatakwal suka riƙa wayar gari da baƙin ƙunƙunniya a kan shimfiɗunsu.

Kada kowa ya ce abin ya fi ƙarfin hukuma. Da can dalma ake zubawa a man fetur, kowace mota tana fesa ta a titi. Ƙasashen Afirka na kudu da Sahara suka daina a farkon 2006, Aljeriya ta zama ta ƙarshe a duniya a 2021. Doka ce ta yi wannan aiki, ba addu'a kaɗai ba.

Abin da muke kira a yi ba mai wuya ba ne. A kafa na'urorin auna iska a kowace unguwar masana'antu, a riƙa sanar da jama'a sakamakon ta rediyo da Hausa, yadda ake faɗin farashin hatsi. A shekarar 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsai da ma'auni, cewa kada wannan siririyar ƙura ta wuce maikirogiram 5 a kowace mita ta murabba'in sukari na iska, bisa matsakaicin shekara. To, ina muke a kan wannan ma'auni? Haƙƙin talaka ne ya sani. Hukumar NESREA da aka kafa a 2007 da ma'aikatun muhalli na jihohi su ne za su amsa.

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai, musamman na sassan kimiyya da likitanci, ga fagen bincike a ƙofar gidanku. Ku kuma matasan ma'aikata, gobe a teburinku za a ajiye takardar neman izinin kafa masana'anta kusa da makarantar firamare. Kafin ku sa hannu, ku tambayi inda hayaƙin zai nufa. Muna son masana'antu, domin da su ƙasa ke tsayawa da ƙafarta. Amma ba mu yarda a biya kuɗinsu da huhun 'ya'yan talakawa ba.