Tarar Meta da barazanar ficewa: Abin da ya ɗaure ’yan Najeriya a WhatsApp

A ranar 19 ga Yulin 2024 ne Hukumar Kula da Gasa da Kare Haƙƙin Masu Sayayya ta Tarayya, wato FCCPC, ta ci kamfanin Meta, mamallakin Facebook da Instagram da WhatsApp, tarar Dala miliyan 220. Hukumar ta zargi kamfanin da sarrafa bayanan ’yan Najeriya ba tare da sahalewarsu ba, da nuna musu bambanci idan aka kwatanta da mutanen wasu ƙasashe, da kuma amfani da ƙarfinsa a kasuwa wajen ƙaƙaba musu sharuɗɗa. Meta ya ɗaukaka ƙara, amma a ranar 25 ga Afrilun 2025 kotun sauraron ƙararrakin gasa ta tabbatar da hukuncin.

Sau biyu a tsakanin nan aka ji ƙishin-ƙishin ficewa. A watan Agustan 2024 WhatsApp ya nuna cewa bin umarnin hukumar zai sa ci gaba da aikinsa a Najeriya ya gagara, sannan a watan Mayun 2025 rahotanni suka bayyana cewa Meta ya shaida wa kotu cewa mai yiwuwa ya rufe Facebook da Instagram a ƙasar. FCCPC ta mayar da martani cewa barin ƙasa ba ya yafe wa kowa abin da shari’a ta ɗora masa.

Abin lura a nan shi ne wanda gabansa ya faɗi. Idan mai gidan burodi ya yi fushi ya ce zai rufe, masu shayi sai su koma ga na gaba da shi, shi ne kuma zai yi asara. Amma da aka ambaci rufe waɗannan manhajoji, hankalin da ya tashi na masu amfani da su ne: ɗan Kantin Kwari da ke ɗora hotunan atamfa da shadda a sitatus tun da sassafe, matar auren da ke sayar da turaren wuta a Instagram daga ɗakinta, da ma’aikacin da sanarwar taro da ta canjin wurin aiki ke iske shi a zauren WhatsApp na ofis kafin takarda ta iso teburinsa. Kamfanin da masu sayayya ke tsoron tafiyarsa fiye da yadda shi ke tsoron tafiyarsu ya wuce matsayin ɗan kasuwa kamar kowa.

Abubuwa biyu ne suka kai shi wannan matsayi, kuma ɗan kasuwa ya san su tun kafin a ƙirƙiro wayar hannu. Na farko shi ne ƙarfin taro. Mai sayar da yadi yana biyan hayar shago mai tsada a Kwari, alhali da rabin kuɗin zai samu wanda ya fi shi faɗi a bayan gari, domin a Kwari masu saye suke. Masu saye kuma can suke zuwa domin can masu sayarwa suke. Haka manhajar saƙo take: darajarta tana ga yawan waɗanda ke cikinta. Mutum 10 za su iya haɗuwa bibbiyu ta hanyoyi 45, mutum 100 kuwa ta hanyoyi 4,950. Jama’a sun ninka sau goma, amfani ya ninka fiye da sau ɗari. Wannan lissafi na cikin abin da Facebook ya hango a 2014 lokacin da ya amince ya sayi WhatsApp a kan kimanin Dala biliyan 19, kamfanin da ma’aikatansa ba su kai 60 ba. Taron ya saya, ba ma’aikatan ba.

Na biyu shi ne tsadar ƙaura, wato duk abin da mutum zai rasa ko zai sha wahalarsa idan ya tashi daga wannan kamfani zuwa wancan. Sauke sabuwar manhaja kyauta ne. Abin da ba kyauta ba shi ne shekarun da aka yi ana tara lambobin abokan ciniki, da hotunan rasit, da saƙonnin murya da suka zama shaidar bashi tsakanin dila da ’yan sari, da zauren dangi wanda da ƙyar aka koya wa dattawa shigarsa. A ƙara da cewa kamfanonin sadarwa na sayar da ƙunshin data mai rahusa na musamman domin manyan manhajojin zumunta, don haka mai ƙaramin ƙarfi da ya koma wata baƙuwar manhaja yana iya tarar da kansa yana kashe fiye da yadda ya saba.

An gwada ƙarfin waɗannan igiyoyi biyu a watan Janairun 2021, lokacin da WhatsApp ya sanar da sababbin sharuɗɗan sirri, ya ce duk wanda bai amince ba zuwa 8 ga Fabrairu zai rasa asusunsa. Duniya ta ɗauki zafi. Telegram ya ce ya samu sababbin mutum miliyan 25 cikin sa’o’i 72, har ya ƙirƙiro hanyar kwaso tsoffin hirarraki daga WhatsApp domin sauƙaƙa wa masu ƙaura. WhatsApp ya ɗage wa’adin zuwa 15 ga Mayu. Daga ƙarshe mutane da dama sun buɗe sabon gida amma ba su rufe tsohon ba, domin hira za a iya kwashe ta, amma abokan hirar ba a kwashe su. Waɗannan sharuɗɗa na 2021 su ne kuma tushen binciken da ya kai ga tarar FCCPC.

Ita kanta Gwamnatin Tarayya ta ɗanɗana. Bayan ta dakatar da Twitter a watan Yunin 2021, ta buɗe shafi a Koo, wata manhajar ƙasar Indiya mai kama da shi, wasu jami’ai suka bi sahu. Jama’a ba su bi ba. Da yawa sun gwammace su zagaya ta VPN su koma inda taron yake. An ɗage takunkumin a ranar 13 ga Janairun 2022, Koo kuma ya rufe baki ɗaya a watan Yulin 2024. Idan umarnin gwamnati bai tayar da kasuwa ya kai ta wani fili ba, da wuya fushin mutum ɗaya ya yi.

Ba wai taro ba ya watsewa ba ne. Waɗanda suka riƙe BlackBerry a farkon shekarun 2010 suna tuna lokacin da ba da lambar BBM ya zama alamar wayewa a Abuja da Legas. Kamfanin ya tsare manhajar a cikin wayoyinsa kaɗai har zuwa ƙarshen 2013, shi kuwa WhatsApp yana aiki a Nokia da Android da iPhone da ita BlackBerry ɗin, kuma lambar waya kawai yake buƙata. Kafin a buɗe ƙofar BBM jama’a sun riga sun tafi, aka rufe ta a ƙarshen Mayun 2019. Sai dai abin da ya kayar da ita shi ne sauyin nau’in wayar da ke hannun mutane, kuma irin wannan sauyi ba kullum yake zuwa ba.

Darasin da ke cikin layin waya

Najeriya ba baƙuwa ba ce a wannan matsala, ta ma taɓa magance wani ɓangare nata. Da MTN da Econet suka fara aiki a 2001, ƙa’ida ta wajabta cewa mai layin wannan kamfani zai iya kiran mai layin wancan. Ba don haka ba, da Glo da ya zo a 2003 da Etisalat da ya zo a 2008 ba su samu wurin tsayawa ba, domin babu mai sayen layin da ba zai kira kowa da shi ba. Manyan sun nemi wata dabarar: kira a cikin gida da araha, kira zuwa wani layi da tsada, ta yadda iyali da abokan ciniki za su taru a layi ɗaya. A 2013 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta ayyana MTN a matsayin mai rinjaye a kasuwar kiran murya, ta umarce shi da ya daidaita farashin biyu.

A shekarar ce kuma, ranar 22 ga Afrilu, aka ƙaddamar da tsarin sauya kamfani ba tare da rasa lamba ba. Masu kallon talabijin ba su manta da tallar da ɗan wasan barkwancin nan Saka ya yi ba, wanda aka saba gani a tallar Etisalat, sai ga shi cikin ruwan ɗorawar MTN. Tallar ta yi tashe fiye da tsarin. Waɗanda suka sauya ba su taka kara sun karya ba idan aka auna da yawan layukan ƙasar, kuma dalilin a bayyane yake: ɗan Najeriya ya riga ya nema wa kansa mafita da waya mai layi biyu, irin waɗanda Tecno da Itel suka cika kasuwa da su. Wannan layin na kira, wancan na data. Ga kuma tsoron taɓa lambar da aka ɗaura da BVN da NIN da alat na banki, ko da an tabbatar wa mutum cewa lambar ba za ta canza ba.

Buɗe ƙofa ma ba ya amfani idan duk gidajen haya ɗaya suke karɓa. Da NCC ta amince da ƙarin farashi na har kashi 50 cikin 100 a watan Janairun 2025, manyan kamfanonin duk sun ƙara, mai son gudu bai ga inda zai nufa ba.

Inda aka ga cikakken amfanin haɗa hanyoyi shi ne harkar kuɗi. Tun 2011 kamfanin NIBSS, wanda Babban Bankin Najeriya da bankunan kasuwanci suka mallaka, ya kafa tsarin tura kuɗi nan take tsakanin bankuna. Saboda wannan titi da kowa ke hawa, sabon shiga ba ya buƙatar ya fara tara rabin ƙasa kafin asusunsa ya yi amfani. Da ƙarancin takardun Naira ya tsananta a farkon 2023, manhajojin wasu manyan bankuna suka riƙa sarƙewa, mai nama da mai kayan miya suka buɗe asusun OPay da PalmPay da Moniepoint cikin ’yan mintuna, wasu ma lambar wayarsu ce ta zama lambar asusu. Mai saye da ke tsohon banki ya tura, mai sayarwa ya ga alat, ciniki ya faɗa. Babu wanda ya jira danginsa da abokan cinikinsa su ƙaura tare da shi. A Kenya, inda M-Pesa ya fara a 2007 a matsayin gidan kamfani ɗaya, sai a 2018 aka fara tura kuɗi kai-tsaye tsakanin asusunsa da na abokan gogayyarsa, lokacin da ya riga ya mamaye kasuwar.

Wannan ne gibin da ke cikin rikicin Meta. Umarnin FCCPC bai tsaya ga kuɗi ba. Ya haɗa da mayar wa jama’a ikon zaɓar abin da za a yi da bayanansu, da daina haɗa bayanan WhatsApp da na Facebook ba da izini ba. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ma ta ba ɗan ƙasa ’yancin karɓar bayanansa ya kai wani wuri. Duk waɗannan gyara ne ga zaman gidan. Ba su taɓa dalilin da ya sa fita ta gagara ba, wato cewa mai Telegram ko Signal ba zai iya aika wa mai WhatsApp saƙo ba, kamar yadda mai Airtel ke kiran mai Glo. Muddin haka ne, izinin da mutum zai danna ya bayar izini ne na wanda ba shi da zaɓi.

Tarayyar Turai ta bi ta wannan ɓangaren. Dokarta ta kasuwannin intanet ta ayyana Meta da wasu manyan kamfanoni biyar a matsayin masu tsaron ƙofa a watan Satumban 2023, ta kuma wajabta wa WhatsApp da Messenger su karɓi saƙo daga wasu manhajoji idan masu su suka nema: a fara da saƙon mutum da mutum, zauruka su biyo baya, kiran murya da na bidiyo daga ƙarshe. Tarar saɓa dokar na iya kai wa kashi 10 cikin 100 na cinikin kamfani a duniya. Aikin na tafiyar hawainiya, kuma akwai hujja mai nauyi a kansa. Saƙonnin WhatsApp a kulle suke daga wayar mai aikawa zuwa ta mai karɓa. Haɗa su da wata manhaja na buƙatar tabbacin cewa makullin ɗaya ɓangaren ma mai ƙwari ne. A ƙasar da ’yan damfara ke kwace asusun mutane suna roƙon kuɗi da sunansu, ƙarin ƙofa na iya zama ƙarin hanyar ɓarawo. Ba ƙaramar magana ba ce, amma irinta aka sha fama da ita a harkar banki, kuma ba a rufe titin tura kuɗi saboda ita ba, tsaro aka ƙara.

Akwai kuma bambancin nauyi. Turai kasuwa ce ta mutum kusan miliyan 450 masu kuɗin kashewa, tallar da ake yi musu na kawo wa Meta riba mai yawa. Najeriya na da jama’a, amma abin da kowane mutum ke kawowa ta fuskar talla kaɗan ne, faɗuwar darajar Naira tun 2023 kuma ta ƙara rage shi idan aka mayar Dala. Wannan ne ya ba barazanar ficewa ɗan kaifi. Duk da haka igiyar ta ɗaure ɓangarorin biyu: kamfanin da ƙarfinsa ke ga taro ba zai so ya bar ƙasa mafi yawan jama’a a Afirka a hannun abokin gogayya ba, domin ranar da aka tilasta wa mutum miliyoyi ƙaura a lokaci guda, tsadar ƙaurar ta faɗi, kuma ba lallai su dawo ba. Abin da zai ƙara wa Najeriya nauyi a teburin ciniki shi ne ta nemi sharaɗin haɗa manhajoji tare da sauran ƙasashen ECOWAS ko Tarayyar Afirka, maimakon kowace ƙasa ta yanka tata tarar ita kaɗai.

Kafin nan, akwai abin da ya rage a hannun hukumomi da ’yan kasuwa. Ma’aikatar da ta mayar da zauren WhatsApp hanya ɗaya tilo ta isar da sanarwa ga ma’aikatanta tana ƙara wa igiyar ƙulli da hannunta, tana kuma ajiye harkokin gwamnati a rumbun kamfanin da wata hukumar gwamnatin ta yi shari’a da shi. Ɗan kasuwa kuwa ya ga samfurin abin a ranar 4 ga Oktoban 2021, lokacin da Facebook da Instagram da WhatsApp suka ɗauke a duk duniya na kusan sa’o’i shida. A daren nan, wanda ke da lambobin abokan cinikinsa da lissafin bashinsa a littafi ko a ma’ajiyar waya ya ɗaga waya ya kira. Wanda ya san su da sunan shafi kawai, jira ya yi.