Mun Ga Bindiga, Mun Manta Da Tukunya

Mu da furfura ta fara yi wa sallama, a sinima muka san kaboyi. Mu tara 'yan kwabbanmu mu shiga, John Wayne ya ɓullo a kan doki, mu yi ta sowa. Washegari kowa ya hau karan dawa, ya miƙe yatsu biyu ya ce bindiga ce. A duk wasanninmu ban tuna yaro ɗaya da ya ce shi ne mai girki ba. Waiwaye adon tafiya, bari mu koma mu gaishe shi.

Bayan yaƙin basasar Amurka ya ƙare a 1865, makiyayan Texas suka riƙa kora shanu arewa zuwa tashoshin jirgin ƙasa irin su Abilene a Kansas. Garke ya kai shanu 2,000 ko 3,000, mahaya goma ko sha biyu, yawancinsu samari, da baƙar fata da 'yan Meziko masu yawa a cikinsu, duk da majigi bai nuna mana su ba. Tafiyar mil 10 zuwa 15 a yini, wata biyu ko uku. A 1866 wani makiyayi, Charles Goodnight, ya ɗauki tsohon keken sojoji irin wanda dabbobi ke ja ya kafa masa akwatin kayan girki a baya. Murfin akwatin in an sauke shi ya zama tebur. Madafa ta samu ƙafa ke nan.

Yau mu murɗa gas, wuta ta kama, har mu yi tsaki in ashana ta ɓata. Mai girkin kaboyi kuwa a filin da ba itace, busasshen kashin shanu yake tarawa a fatar da ya rataye ƙarƙashin keke. Wanda ya taɓa kwana a ruga ya san wannan wutar.

Abincin wake ne da ɗan burodin da suke kira biskit, ba irin na kanti mai zaƙi ba. Wake busasshe ba ya lalacewa a hanya, sai a jiƙa shi da dare, ya wuni yana nuna. Biskit kuma da ƙullu mai tsami ake tayar da shi, kamar ƙullun wainar da ya kwana. Yana ajiye a 'yar ganga, kullum a ɗiba a mayar da fulawa da ruwa. Daren sanyi mai girki kan shigar da gangar cikin bargonsa don kada ƙullun ya mutu. Da asuba ya mulmula curi-curi, ya jera a tukunyar ƙarfe mai ƙafa uku, garwashi a ƙasa, garwashi a kan murfi.

Su kaboyin sun san darajarsa. Albashinsa ya fi na mahayi. Ba mai ci sai ya kira, ba mai sukuwa kusa da tukunya ya tayar da ƙura. Shi ne mai magani, shi ne wanzami. Kafin ya kwanta ya juya sandar gaban keke ta fuskanci tauraron arewa, domin da safe jagora ya san inda za a dosa.

Wayar ƙaya da aka yi wa rajista a 1874, da layin dogo da ya iso Texas, su suka kashe wannan tafiya. Sinima ta ɗauki doki da bindiga ta bar ganga.

Mu ma haka muke yi a gida. Ranar biki mu yaba ango, mu yi wa makaɗi kari, matan da hayaƙi ya jajanta wa ido tun asuba ko sannu ba sa samu. Alhali da ruwan ciki ake jan na rijiya. In an ajiye maka kwano yau da dare, kafin ka ce bismillah, tambayi wa ya hura wutar, ka ce masa sannu da aiki.