Wa ya riƙe gonar, wa ake zargi da cinye daji?

Duk taron da aka kira kan kwararowar hamada a ƙasar Daura, sai wani mai babbar riga ya miƙe ya ce mata ne ke cinye daji da murhunsu. Wannan magana tana ƙona mini rai. Matar Baure ko Zango da ke fita tun duku-duku ta tsinto kirare da kara, ta haɗa da kashin shanu don tuwon dare ya nuna, ita ce ta gajarta damina? Motocin gawayi da ke bin titi zuwa birane na mata ne? Wa ke sayar wa mai injin yanka gawo a tsaye? Rabonta a cikin wannan ɓarna hayaƙi ne: ido ja, tari ba dare ba rana, ga jariri a goye yana shaƙa tare da ita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin girki ya kashe mutum miliyan 3.2 a duniya a 2020.

Tushen matsalar ƙasa ce. Allah Ya yanka wa mace gadonta a Suratun Nisa'i, babu mai musu a kan mumbari. Amma uba na rasuwa sai 'yan'uwa maza su ce, "Ke ai gidan wani za ki, gona ba ta barin gida." A damƙa mata 'yan kuɗi, ko a ce ana riƙe mata, riƙon da ba ya ƙarewa. Gayaunar da miji ya ba ta kuwa aro ce, ranar da takardar saki ta fito ta rabu da ita. To wa zai dasa darbejiya, ya yi ta jido mata ruwa cikin rani, a ƙasar da gobe za a ce ba tasa ba ce?

Ƙetara Kongolam zuwa Nijar ka ga amsa. A yankunan Maraɗi da Damagaram, tun shekarun 1980 manoma suka soma barin tohon itatuwa a gonakinsu suna yi masa sassabe, har aka farfaɗo da kadada kusan miliyan 5. Abin ya kama ne sa'ad da manomi ya tabbata itacen gonarsa nasa ne, ba na gandun daji ba. Mu mun hana rabin al'ummarmu wannan tabbaci, sannan muna mamakin rairayi a bakin ƙofa.

Kuɗi kam sun zo. An ƙaddamar da shirin katangar itatuwa ta Afirka a 2007, Katsina na cikin jihohi 11 da ya shafa. A 2021 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 700 don shirin ACReSAL na farfaɗo da ƙasa a Arewa. Amma su wa ke zaune inda ake yanke inda za a haƙa rijiya? Majalisar Dokokin Katsina kujeru 34 ce, zaɓen 2023 bai kai mace ko ɗaya ba. Wannan a jihar da muke kai baƙi rijiyar Kusugu muna ba su labarin Daurama da sarauniyoyin da suka gabace ta!

In 'yar makaranta ta buɗe baki ta faɗi haka, sai a ce ta kwaso aƙidar Turawa, ba ta da tarbiyya. Gadonta take nema, wanda addininmu ya ba ta, mu muka danne.

Hakimai da dagatai da limamai ne shaidun rabon gado a ƙauyukanmu. Su daina sa hannu a takardar da ba a auna wa 'ya mace kasonta da igiya ba, a kafa iyaka, a rubuta sunanta. Alƙali kuma ya daina cewa ta koma gida a sasanta, domin a gidan aka cuce ta.